Zubewar gashi da karyewarsa: yadda za a zaɓi maganin da ya dace

Duk wanda ya zaga Babbar Kasuwar Yamai, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko shagunan kayan kwalliya na Maraɗi da Tawa, zai ga mayuka da ƙwayoyi da garuka iri-iri da ake tallarsu da sunan maganin zubewar gashi. A WhatsApp da TikTok ma tallar ba ta yankewa, ga hoton kai kafin amfani da magani, ga kuma hotonsa bayan sati biyu cike da suma. Mata da maza da yawa sun kashe jikkuna masu yawa a kan waɗannan kaya, daga baya suka ga babu abin da ya sauya, wasu ma fatar kansu ta ƙone.

Dalili shi ne zubewar gashi ba cuta guda ba ce. Akwai wadda ke tsayawa da kanta ko ba a sha komai ba, akwai wadda ke buƙatar maganin asibiti na watanni, akwai kuma wadda idan aka yi jinkiri gashin ba zai sake fitowa ba har abada. Saboda haka kafin a tambayi sunan magani, sai an fara gane irin matsalar da ake fama da ita.

Zubewa daban, karyewa daban

A kan mutum akwai silin gashi wajen 100,000. Kowane sili yana girma na tsawon shekara 2 zuwa 6, sannan ya huta kamar wata 3, ya faɗi, sabo ya tsiro a gurbinsa. Don haka faɗuwar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Macen da ta bar kitsonta sati huɗu, ranar tsifa za ta ga gashin da ya faɗi cikin kwanakin nan duka ya fito lokaci guda. Yawansa kan tayar da hankali, amma yawanci tarin kwanaki ne kawai.

Akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi a gida. A shimfiɗa farin ƙyalle, a taje kai a kansa, a duba abin da ya faɗo. Idan silin dogo ne kuma akwai ɗan farin ƙulli a gindinsa, daga saiwa ya fito, wato zubewa ce. Idan guntaye ne marasa ƙulli, wasu da tsagaggen baki, to karyewa ce. Zubewa matsalar saiwa ce ko ta lafiyar jiki. Karyewa kuwa matsalar silin ce, kuma yawanci daga yadda ake kula da gashin take fitowa. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki.

A kuma riƙe wannan lissafi: gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata, na baƙar fata ma yakan ɗan gaza haka. Duk mai tallar da ya yi alƙawarin suma cikin kwana 14, ya yi alƙawarin abin da jikin ɗan Adam ba ya yi.

Zubewar da ke tsayawa da kanta

Mata masu jego sun fi kowa sanin wannan. Lokacin goyon ciki, sinadaran jiki kan riƙe gashin da ya kamata ya faɗi. Wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa sai ya zube gaba ɗaya, har mace ta riƙa ganinsa a matashin kai da wurin wanka. Haka yake faruwa bayan masassara mai zafi irin ta cizon sauro ko taifot, bayan tiyata, bayan rama mai yawa, ko bayan babban tashin hankali kamar rasuwa. Da yake zubewar takan zo wata 2 ko 3 bayan abin ya wuce, mutane ba su cika haɗa su ba.

A irin wannan saiwar tana nan da ranta. Gashin kan dawo cikin wata 6 zuwa shekara guda, kuma mai jego kan ga kanta ya cika kafin yaron ya shekara. A nan ne masu tallar mayuka ke cin kasuwa, domin duk man da aka shafa a wannan lokaci shi za a yaba, alhali gashin dama yana hanyar dawowa.

Idan zubewar ta wuce wata 6, sai a nemi awon jini. Abin da aka fi samu a ƙasarmu shi ne ƙarancin jini, wanda ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna yana damun kusan rabin matan Nijar da ke cikin shekarun haihuwa. Haihuwa kusa da kusa da jinin al'ada mai yawa suna rage sinadarin ƙarfe a jiki, gashi kuma yana cikin abubuwan da ke fara nuna alama. Maganinsa ƙwayoyin ƙarin jini ne irin waɗanda ake bayarwa wajen awon ciki a CSI, tare da hanta, nama, kifi, wake da ganyen zogale. Shan shayi daidai bayan cin abinci yana rage ƙarfen da jiki ke ɗauka, gara a bar tazarar awa guda ko biyu. Ciwon maƙoƙo da sauran matsalolin wannan gaɓa ta wuya su ma suna zubar da gashi, kuma awon jini ne ke gano su.

Ƙwayoyin bitamin na gashi, musamman biotin da ake sayarwa da tsada, ba sa ƙara komai ga wanda jikinsa bai rasa su ba, kuma rashin biotin abu ne da ba a cika samu ba. Bugu da ƙari, a 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa shan biotin da yawa kan ɓata sakamakon wasu awon jini, har da na zuciya. Mai shan sa ya faɗa wa likita kafin a ɗebi jininsa.

Kitso mai tsauri da gefen goshi

Idan gashi ya ja baya a gefen goshi da saman kunne, da wuya a rasa hannun kitso a ciki. Ƙananan kitso da aka ja da ƙarfi, meshi mai nauyi, zaren da ake naɗe gashi da shi, gam ɗin da ake manna peruk, da ɗankwalin da ake ɗaurewa tamau a wuri ɗaya kullum, duk suna jan saiwa har ta gaji. Binciken da Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ta wallafa a 2007 ya samu wannan matsala a kusan kashi ɗaya cikin uku na matan da aka duba, da kuma kashi 17 cikin 100 na ƴan mata ƴan makaranta. Haɗarin ya fi yawa idan aka ɗora kitso mai tsauri a kan gashin da aka riga aka miƙar da sinadari.

Alamomin farko su ne ciwon kai bayan kitso, ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, da fatar da ta ɗaga saboda ja. Kitson da ya hana mace barci ko ya sa ta shan maganin ciwon kai ya yi tsauri, a kwance shi ko da an biya kuɗinsa. A matakin farko, sassauta kitso kaɗai ya isa gashin ya dawo. A riƙa yin manyan kitso, a bar gashin gefen goshi ba tare da an ja shi ba, kada meshi ya wuce sati 6 zuwa 8 a kai, kuma a bai wa kan hutu kafin a sake. Amma idan aka yi shekaru ana ja, saiwar takan mutu, wurin ya yi santsi yana sheƙi, kuma a lokacin babu man da zai tsirar da komai. Iyaye mata su lura da kitson sallah da na biki da ake yi wa ƙananan yara, domin tun daga nan ɓarnar ke farawa.

Sanƙo da magungunansa biyu

Sanƙo gado ne, kuma ana iya gadonsa ta wajen uwa ko ta wajen uba. Wani sinadarin maza da ake kira DHT ne ke ƙanƙantar da saiwa sannu a hankali, silin ya riƙa sirancewa har ya ɓace. A maza yana farawa daga goshi da tsakar kai. A mata kuwa tsagar tsakiyar kai ce ke faɗaɗa, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Hula da rawani ba sa kawo sanƙo, kuma yawan aske kai ba ya sa gashi ya yi kauri.

Magunguna biyu ne aka daɗe da tabbatar da amfaninsu. Na farko shi ne minoxidil, ruwa ko kumfa da ake shafawa a fatar kai, mai ƙarfin kashi 2 ko kashi 5 cikin 100. Asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura masu shan sa gashi na fito musu, sai aka amince da na shafawa a Amurka a 1988. Ana shafa shi kullum a busasshiyar fatar kai. A makonnin farko zubewar kan ɗan ƙaru, abin da ke sa mutane da yawa su daina, alhali alama ce ta tsofaffin silin na ba wa sababbi wuri. Ba a ganin sakamako kafin wata 3 zuwa 6, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Idan aka daina, abin da aka samu zai zube cikin ƴan watanni. Don haka mutum ya yi lissafin aljihunsa kafin ya fara, domin sayen kwalba ɗaya a tsaya asarar kuɗi ce. Yakan kawo ƙaiƙayi, kuma idan yana gangarowa fuska yakan tsirar wa mace gashi a kumatu. Mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi.

Na biyu shi ne finasteride, ƙwayar miligiram 1 da maza ke sha kullum, wadda aka amince da ita a 1997. Tana rage DHT, kuma a yawancin maza tana tsayar da sanƙo inda ya kai. Sai da takardar likita ake shan ta, domin wasu ƴan kaɗan kan samu raguwar sha'awa ko raunin mazakuta, wasu kuma damuwa a rai. Tana da haɗari ga ɗan tayi namiji, shi ya sa ake hana mai ciki ko taɓa ƙwayar da ta fashe.

Dashen gashi, wanda wasu ke zuwa Turkiyya ko Tunisiya dominsa, ɗebo saiwa ne daga ƙeya a dasa a gaba. Ba ya hana sauran gashin ci gaba da zubewa, don haka yawanci ana ci gaba da magani bayansa. Wanda fatarsa ke yin tabo mai kumburi bayan rauni, abin da ya yawaita ga baƙar fata, ya sanar da likita tun kafin a taɓa shi. Wanda kuma ya zaɓi ya aske kansa ƙwal ya huta, bai cutar da lafiyarsa da komai ba.

Idan gashin ya zube wuri-wuri

A yara, abin da aka fi gani shi ne makero: wuri zagayayye mai fari-fari kamar toka, gashin ya kakkarye, wani lokaci ya kumbura yana ruwa. Ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa ta injin aski, aska, mataji, hula da matashin kai, shi ya sa take yawa a makarantu da gidajen da yara ke kwana tare. Tana shiga cikin silin gashin, inda man shafawa ba ya kaiwa. Maganinta na sha ne, griseofulvine na sati 6 zuwa 8 ko terbinafine na kimanin sati 4, bisa nauyin yaro, kuma ma'aikacin lafiya ne zai rubuta. Shafa baƙin mai na inji, ko ruwan batir, ko kankare wurin da reza, ƙuna da tabo kawai yake bari. Mayukan da ke ɗauke da kortizon, irin waɗanda ake sayarwa don hasken fata, sukan kwantar da ƙaiƙayin na ƴan kwanaki, cutar kuma ta ƙara bazuwa. A duba sauran yaran gidan, kowa ya riƙe matajinsa, kuma a tabbatar mai aski yana tsabtace injinsa.

Akwai kuma wata da ke zuwa farat ɗaya: wuri mai santsi kamar faɗin kwabo, babu ƙaiƙayi babu ɓawo, a kai ko a gemu. Mutane da yawa kan danganta ta da sammu ko iskoki. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna kiranta pelade, kuma garkuwar jiki ce ke kai wa saiwa hari bisa kuskure. Ba a ɗaukarta daga wani. Idan wurin ƙarami ne, sau da yawa gashin kan dawo cikin shekara guda, kuma likitan fata na iya gaggauta dawowarsa da man kortizon ko allurarsa a wurin.

Wadda ta fi buƙatar gaggawa ita ce mai farawa daga tsakar kan mace tana faɗaɗa, tare da zafi, ƙaiƙayi ko tsikari. An fi ganinta a mata baƙar fata, kuma tana kashe saiwa ta bar tabo. Magani yana iya tsayar da ita, amma ba ya dawo da abin da ya riga ya tafi, don haka kowane wata na jinkiri asara ce. Haka ƙurajen ƙeya masu tauri da ke fito wa maza bayan aski mai ƙwalƙwal: a daina kai injin har fata, a ga likita kafin su haɗe su zama tabo. Ciwon sanyi na tunjere shi ma kan zubar da gashi wuri-wuri kamar cin asu, kuma awon jini ne ke tabbatar da shi.

Gashin da ya lalace

Silin gashi ba shi da rai da zarar ya fito daga fata. Abin da ya tsage ba ya haɗewa, duk da abin da aka rubuta a jikin kwalba. Mayuka suna lulluɓe shi ne ya yi laushi ya rage karyewa, har sabo ya fito. Bakin da ya tsage sai almakashi.

Babban mai lalata gashi shi ne man miƙarwa, wato defrizan. Mai ƙarfin cikinsa soda ce mai cin fata, wanda aka rubuta ba shi da soda kuma yana da wani sinadarin mai kama da ita da ke busar da gashi. Mai son amfani da shi ta bar aƙalla sati 8 zuwa 12 tsakani, a shafa wa sabon tsiro kaɗai, kada ya wuce mintocin da aka rubuta, kada a soshe kai kafin a sa, kuma kada a haɗa shi da rini ko kitson meshi a sati ɗaya. Zafin da ake ji ƙuna ce, ba alamar yana aiki ba. Bai kamata a sa wa ƙananan yara ba. A watan Oktoban 2022 wani bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka a kan mata sama da 33,000 ya gano cewa masu miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara sun ninka sauran wajen kamuwa da kansar mahaifa: kimanin 4 cikin 100 kafin shekara 70, a maimakon ƙasa da 2 cikin 100. Binciken ya nuna alaƙa ce, bai tabbatar da cewa man ne sanadi ba, amma ya isa dalilin ragewa.

Baƙin rini da baƙin lalle sukan ƙunshi sinadarin PPD, wanda ke kumbura fatar kai da fuska ga wasu. A gwada ɗan kaɗan a bayan kunne, a jira awa 48. Jan lalle na gargajiya da ba a gauraya ba ba shi da wannan sinadari. Ƙarfen miƙar da gashi da na'urar busarwa mai zafi su ma suna ƙona sili, musamman idan da danshi a jikinsa.

Gashin baƙar fata a murɗe yake, man da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarowa har bakinsa, ga iskar hunturu da zafin bazara. Ya isa a wanke shi sau ɗaya a sati ko sati biyu da shamfu mai laushi. Sabulun wanki da omo suna ƙara busar da shi. A taje shi yana da laima da mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa gindi. A kwana da ɗankwali mai santsi. Kada a ɗaure kai ko a sa hijabi gashi na jiƙe, domin danshi na ƙara amosani.

Man kaɗanya, man kwakwa, man zaitun da karkashi suna da amfani na gaske wajen riƙe laima da sauƙaƙa taza. Garin shebe da ya shigo daga Chadi shi ma haka yake aiki: matan can suna shafa shi da mai a jikin silin, ba a fatar kai ba, gashin ya daina karyewa har ya yi tsawo. Amma babu ɗayansu da ke tayar da saiwar da ta mutu ko ya tsayar da sanƙo. Cika fatar kai da mai kuma kan ƙara amosani, wanda maganinsa shamfu ne mai ketoconazole sau 2 a sati na tsawon wata guda.

Kafin a fitar da kuɗi

Magani irin minoxidil a saye shi a farmasi, ba a tiren masu yawo da magani cikin rana ko a hannun mai talla a intanet ba, domin jabu ya yi yawa kuma zafi na lalata magani. A guji duk haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba. A ɗauki hoton kai da waya a wuri ɗaya da haske ɗaya kowane wata, kuma a bai wa magani wata 6 kafin a yanke masa hukunci. Kada a fara abubuwa uku lokaci guda, don ba za a san wanda ya yi aiki ko wanda ya yi ɓarna ba.

A je asibiti ba tare da jira ba idan akwai zafi, ƙuraje, mugunya ko wuri mai sheƙi a fatar kai, idan yaro ne, idan gashin gira ko na jiki ma na zubewa, ko idan zubewar ta zo da kasala, rama, kumburin wuya ko rikicewar al'ada. Wanda ya ga zubewar ta biyo bayan fara wani magani ya koma wurin wanda ya rubuta masa, kada ya daina da kansa. Likitocin fata ba su da yawa a ƙasar, kuma mafi yawansu suna Yamai, inda babban asibitin ƙasa ke da sashen cututtukan fata. Amma ma'aikacin CSI ko likitan asibitin gunduma na iya gane makero, ya rubuta awon jini, ya kuma tura mutum gaba idan abin ya fi ƙarfinsa. Kuɗin ganin likita sau ɗaya yawanci bai kai na mayukan da ake saye ana jefarwa cikin shekara guda ba, kuma saiwar da aka ceto da wuri ita ce kaɗai za ta sake ba da gashi.